Inshorar da Baba Maigari Ya Yanka

Duk wanda ya taɓa noman rani a bakin gulbin Gagare ya san Bilyaminu mai gyaran inji. Haifaffen Banga ne, amma a Kaura Namoda ya kafa rumfarsa, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Injin ban-ruwa, injin niƙa, janareta, duk abin da ke shan mai yana ƙara, in ya sa masa kunne zai gaya maka ciwonsa tun bai kwance ƙusa ba. Dogo ne siriri, marar yawan magana, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. Yana da mata ɗaya, Hamdiyya, da 'ya'ya uku, sai mahaifiyarsa Inna Ramatu, wadda ta ƙi barin Banga duk da hare-haren 'yan bindiga. Dukiyarsa a duniya ita ce wata tsohuwar Golf doguwa, fara, da yake zuba kayan aiki a bayanta.

Da rashin tsaro ya kori manoma daga fadamu, aiki ya ja baya. Sai a yi kwana huɗu ba a kawo masa inji ko ɗaya ba. Bayan ƙaramar Sallah ta shekarar 2022, wani kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse a Maraɗi ya neme shi. Sharaɗinsu ɗaya: ya zo da motarsa, domin ƙauyuka zai riƙa zagayawa.

Mota ba ta tsallaka iyaka haka kawai. Ana son rajistarta ta kasance sabuwa da sunan mai ita, ana son inshora, ana kuma son wani kati na inshora da ke aiki a ƙasashen maƙwabta. Bilyaminu bai san kan waɗannan abubuwa ba, amma ya san wanda ya sani. A tashar motar Kaura akwai Maigari, dattijo mai tebur a ƙarƙashin dalbejiya, wanda ya shekara ashirin yana karɓar takardun direbobi ya kai Gusau ya dawo da su da hatimi. Aminin mahaifin Bilyaminu ne. Shi ya yi masa walicci ranar ɗaurin aurensa.

"Baba, Nijar za ni aiki. Ga takardun mota."

"Madalla, ɗana! Ai wanga aiki nawa na. Ka ba ni kwana bakwai, ka tahi ka yi shirinka."

Kwana bakwai cif ya miƙo masa ambulan. Rajista ta fito da kyau, ga inshora, ga katin ƙetare mai ruwan ƙasa, kowanne da tambari da sa hannu. Maigari har ya dafa kan motar ya yi addu'a. Bilyaminu ya je Banga ya yi wa Inna sallama, ya bi ayarin motoci ta Zurmi zuwa Jibiya. A kan iyaka aka duba takardu sama-sama, aka yanka masa lasifase, wato izinin shigar da mota na ɗan lokaci, ya wuce.

Wata biyu ya yi yana aiki lafiya. Yana shirin kama gidan haya ya ɗauko Hamdiyya da yara, sai wata ranar Talata da hantsi, a hanyar Tibiri, wani jaki ya firgita ya jawo amalanke tsakiyar kwalta. Ya taka birki, amma sai da ya bugi gefen amalanken. Tsohon da ke kai ya faɗo, ƙafarsa ta karye. Bilyaminu da kansa ya ɗauke shi ya kai asibiti, ya kuma kai kansa wurin jandarma, zuciyarsa a kwance tunda yana da inshora.

Jandarman ya juya katin, ya buga waya, ya karanta lambar da ke jiki, ya saurara. Ya sake karantawa. Sannan ya ajiye wayar ya dubi Bilyaminu.

"Malam, wa ya ba ka wannan? Ba a san lambar nan ko'ina ba. Jabu ce."

Hatsarin da za a gama da shi a yini ɗaya sai ya zama maganar shigo da takardar bogi. Aka tsare shi, aka tsare motar, aka karɓe wayarsa. Kwana goma sha tara ya yi kafin dangin tsohon, da suka ga irin kulawar da ya yi wa ɗan'uwansu, su taya shi roƙo a sake shi. Motar dai aka riƙe. Kamfani kuwa tuni ya ɗauki wani.

Da aka mayar masa da waya ya kunna, ya kira Hamdiyya. Ta daɗe tana kuka kafin ta iya magana. Inna ta rasu tun kwana goma sha ɗaya da suka wuce, zazzaɓi na kwana uku. Kafin ta cika ta yi ta tambayar ko an same shi a waya. Maƙwabta ne suka yi mata sutura.

Ya dawo a motar haya. Daga Banga, bayan ya ziyarci kabarin, bai tsaya gida ba sai tasha. Maigari na ganinsa ya miƙe da hannu biyu.

"Ɗana, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Ramatu. Ni na yi mata salla a sahun gaba."

"Baba, katin da ka ba ni, sun ce jabu ne."

"Kai, mutanen Nijar! Ba su iya karatun takardunmu ba. Ƙaddara ta, ɗana. Abin da anka rubuta ba ya wuce ranatai."

Bilyaminu ya dube shi, ya dubi direbobi biyu da ke tsaye da takardu a hannu suna jiran ya gama. Ya ce, "Haka ne, Baba." Ya yi sallama ya tafi.

Hamdiyya ta ce tun daga ranar ba ta ƙara ganin ya ci abinci ya ƙoshi ba. Ya taɓa gaya mata, yana goge spana, cewa ya yi tunanin fetur da ashana, ya yi tunanin adda, amma duk sun yi wa Maigari sauƙi. "In na taɓa jikinsa, shi za a tausaya wa. So nike ya zauna da rai da lafiya, garin ga duka ya san ko shi wane ne."

Ya tafi Gusau, ya shiga wani ofishin inshora da ambulan ɗin kwafin takardunsa. Wata ma'aikaciya mai suna Alheri ta duba, ta ce rajistar ta gaskiya ce, amma inshorar gida da katin ƙetaren duk a shagon buga takardu aka yi su. Ta nuna masa yadda ake latsa wasu lambobi a waya, a sa lambar mota, nan take amsa ta fito ko motar na da inshora ko ba ta da. Ya sa ta maimaita sau uku har ya riƙe.

Bai fara da Kaura ba, don kada labari ya isa kunnen Maigari da wuri. Zurmi ya fara zuwa, da jakar kayan aikinsa, kamar mai neman gyara. In ya zauna da direba suna shan shayi sai ya ce, "Wa ke yi maka takardu?" In an ce Maigari na Kaura, sai ya ce, "Kawo wayarka in gwada maka wani abu." Da wayar mutum yake yi, mutum ya latsa da yatsansa, ya karanta da idonsa. Sabis a Zurmi ba shi da ƙarfi, wani lokaci sai sun hau saman babbar mota kafin amsa ta shigo. Kowa ya ga motarsa ba ta da inshora sai ya zabura zai tafi Kaura, Bilyaminu ya riƙe masa hannu. "Ka dakata. Akwai rana."

Daga nan ya shiga Shinkafi ranar kasuwa, Alhamis uku a jere. Ya je Kasuwar Daji wurin masu ɗaukar shanu da 'yan acaɓa. Wata uku yana wannan yawo a hanyoyin da mutane ke tsoron bi, har sau ɗaya sai da suka kwanta a cikin gero suna jin harbi. Bai fasa ba. Hamdiyya ta roƙe shi ya bar wa Allah. Ya ce ya bar wa Allah na lahira, na duniya yake nema.

Ranar taron ƙungiyar direbobi a tashar Kaura, bayan sallar Azahar, motoci suka shigo daga Shinkafi da Zurmi fiye da yadda aka saba. Shugaban ƙungiya, Alhaji Auwal, ya san abin da ke tafe, don Bilyaminu ya fara gwada masa motocinsa biyu a gida, duk aka tarar ba su da inshora. Ya sa aka kira Maigari, aka ba shi kujera a gaba.

Bilyaminu ya tashi, ya ba da labarinsa tun daga ambulan har kabari. Sannan direbobi suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi lambar motarsa, a latsa, a karanta da ƙarfi. Babu. Babu. Babu.

Maigari ya share zufa da hularsa. "Jama'a, ni ma cuta ta anka yi! Can Gusau nike kaiwa, abin da sunka ba ni shi nika kawo muku. Wallahi ban san jabu ta ba."

Wuri ya ɗan yi sanyi. Wasu dattawa suka fara gyaɗa kai, don maganar ta shiga hankali. Bilyaminu ya bar su sai da suka gama gyaɗawa. Sannan ya nuna wata Toyota ruwan toka da ke ajiye a inuwa.

"Alhaji, a gwada wannan. Motar Baba ce."

Alhaji Auwal ya latsa lambar da kansa. Ya ɗaga wayar sama ya karanta: motar na da inshora, sunan kamfani ya fito, har da ranar ƙarewa. Aka gwada ta ɗansa da ke jigila zuwa Sakkwato. Ita ma ta gaskiya ce.

Abin da ya biyo baya, sai da 'yan ƙungiya suka yi wa Maigari zobe kafin a fitar da shi. Aka karya teburin. Bilyaminu ne ya fi kowa ihun kada a taɓa shi, har ya tare wani da ya ɗauko jak ɗin ɗaga mota. Mutane suka ɗauka tausayi ne. Ba tausayi ba ne.

Aka kai magana wurin 'yan sanda, Maigari ya yi 'yan kwanaki, danginsa suka yi beli. Ƙungiya ta hana shi shiga tashoshin Kaura da Zurmi da Shinkafi. Limamin unguwa da dattawa huɗu suka zo gidan Bilyaminu neman sulhu. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya kawo fura, ya saurare su har ƙarshe.

"Malam, yafiya dole ce a kaina?"

"Ba dole ba ce, amma ta fi lada."

"To, na haƙura da wannan ladan."

Yanzu Bilyaminu na aiki a Madawa, can Nijar, wurin masu noman albasa, da babur ɗin da ya saya a can ya yi masa takardu da hannunsa. Iyalinsa na tare da shi. Maigari yana nan Kaura, ya tsufa ƙwarai, yana zama a ƙofar gida, ba mai tsayawa hira.

Bara Bilyaminu ya zo ɗaurin auren ƙanwar Hamdiyya. Ana fitowa daga masallaci, Maigari ya dogaro sanda ya tare shi a gaban jama'a, ya yi masa sallama, ya miƙo hannu. Bilyaminu ya amsa sallamar cikakkiya, don amsa ta wajibi ce. Hannun kuwa ya bar shi a miƙe, ya sa takalmansa ya wuce.