Baba Hashimu da Mai Gidansa

Duk wanda ya zauna a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou a shekarun nan ya san abin da Baba Hashimu yake yi in an tambaye shi abu. Ba ya amsawa kai tsaye. Sai ya lanƙwasa yatsu biyu ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa sau uku kamar mai sallama a ƙofar gida, ya karkatar da kai yana saurare, sannan ya ce, "Mai gida ya ce a'a." Can ba a rasa ba ya ce, "Mai gida ya ce to." Zuciyarsa yake nufi. Ko shayi ka miƙa masa sai an yi wannan shawarar! 'Yar Chinan da yake sarin takalma a shagonta a titin Zhanxi Lu har ta koya. In ya yi tayi ta ga ya yi ƙasa, sai ta bugi nata ƙirjin ta ce, "Laoban, meiyou," wato nata mai gidan ya ce babu. Baba ya ce duk faɗin garin nan ita kaɗai ta gane karatun.

Ga abin da ya hana ni sakat. Tun da labarin rasuwarsa ya iso daga Haɗeja, 'yar ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna nan ta zauna ta yanke a karrama shi. An buga kati mai hotonsa, an rubuta "Uban Ƙungiya, lamba ɗaya," za a aika wa iyalinsa. Hatimi kawai ya rage, hatimin kuwa yana hannuna, ni Nasiru, don ni ne sakatare. Yau kwanan katin uku a aljihuna. Na fito da shi na mayar ba adadi, na zaga titin Huanshi Lu har ƙafafuna sun gaji. Na kasa bugawa, na kuma kasa ce wa Ciyaman ba zan buga ba.

Don Allah ku tuna wane ne mutumin! Baba ne fa da yake cewa fasfo igiya ce, ana ɗaura wa mutum don a san turken da ya fito. Yana sabunta bizarsa kan lokaci, ban taɓa ganin ya makara ba, amma mitarsa tun daga ƙofar gida har ya dawo. Kun tuna lokacin da wani babban jami'i ya zo daga gida, aka ce kowa ya sa fararen kaya a yi layi a harabar otal? Kowa ya miƙe, Baba yana gefe a zaune yana ɓare gyaɗa. Na lallaɓa na ce, "Baba, tashi mana, gwamnati ta iso."

Ya ɗaga kai ya duba dama da hagu. "Ina take?"

"Ga shi nan, mai babbar riga."

"Sakatare, ni dai wani bawan Allah nake gani mai tumbi, zafi ya dame shi. Ku ba shi kujera da ruwa, ku bar shi ya huta." Kuma da ƙarfi ya faɗa. Jami'in ya ji, ya kuwa zauna.

Batun addini ma haka. Kar wani ya ce Baba bai damu da salla ba, wallahi duk ya fi mu. Amma da muka rabu gida biyu a kan abin da har yau ban gane kansa ba, wasu suka kama ɗakin salla a hawa na bakwai na benen da muke zaune, wasu a hawa na tara, kowane ɓangare ya aika masa wakili. Na bakwai suka ce a wajensu sunna take. Na tara suka ce a wajensu albarka take. Baba ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ɗauki dardumarsa ya shimfiɗa a kwanar matakala ta hawa na takwas. Nan ya yi ta sallarsa, masu hawa da masu sauka suna raɓe shi. Limamin hawa na tara ya taɓa tsayawa ya yi masa nasiha a kan falalar jam'i. Baba ya ce, "Gaskiyarka, Malam. Ranar da kuka haɗu, ai ta nan za ku bi. Ina tsakiya ina jira."

Ganin wata kuwa, kai! 'Yan bakwai waya suke jira daga gida, 'yan tara babban masallacin gari suke bi, Baba kuwa da magariba sai rufin bene, hannu a goshi. A Guangzhou fa, inda hayaƙi da gajimare ba sa barin ka ga rana sosai, balle jinjirin wata. Bai taɓa gani ba ko sau ɗaya, kullum sai ya cika talatin. Wata shekara 'yan bakwai suka yi Salla ran Alhamis, 'yan tara ran Juma'a, Baba shi kaɗai ran Asabar. Amma duk kwana biyun ya zo da kularsa ya karɓi abinci a kowane ɓangare ya ajiye na buɗa baki. Na ce, "Baba, ba ka yarda da su ba, kana cin tuwonsu?" Ya ce, "Lissafinsu ne ban yarda da shi ba. Miyarsu ba ta yi mini laifin komai ba."

To, yanzu na zo inda nake ta kewayewa.

Shekarar da aka tsananta binciken biza, kowa ya tsorata, ni ma na tsorata. Ƙungiya ta zauna, kuma a karon farko limaman bakwai da tara suka yi baki ɗaya: kada kowa ya saukar da wanda bizarsa ta mutu, wanda ya yi haka ba ya cikinmu. Ni na rubuta takardar, ni na buga mata hatimi, ni na bi ɗaki ɗaki ana sa hannu. Da na isa ƙofar Baba sai na ga takalman mutum biyu, na kuma ji tari daga ciki. Issaka ne, wani ɗan zangon Kumasi mai dakon kaya zuwa tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Bizarsa ta mutu, zazzaɓi ya kayar da shi, yana tsoron asibiti kar a nemi fasfo, abokan ɗakinsa kuma sun fitar masa da jaka waje.

Na miƙa wa Baba takarda da biro. Ya karanta har ƙasa. Ya ƙwanƙwasa ƙirji, wannan karon bai daɗe yana saurare ba.

"Mai gida ya ce mutum ne a kwance, ba ya iya riƙe cokali."

"Baba, doka ce fa. Malamai ma sun sa hannu."

"Ranar da za a tambaye ni Issaka, malaman za su tsaya a gabana? Kai za ka tsaya, da hatiminka?"

Na fita raina a ɓace, ban zame ko'ina ba sai wajen Ciyaman na faɗa masa. Ni na faɗa, ba wani ba, kuma ban taɓa furta wannan a gabanku ba sai yau. Washegari bayan la'asar aka sanar a hawa na bakwai da na tara cewa an kori Baba Hashimu daga ƙungiya. Aka ba ni takardar kora in kai masa. Ya juya ta gaba da baya, ya yi dariya har da hawaye. "Sakatare, yaushe na shiga da har aka kore ni?" Ya naɗe ragowar gyaɗarsa a ciki.

Mutane suka janye masa. Ya yi ta dama kunu, yana shafa wa Issaka ruwa, yana wanke masa kaya, har kwana ashirin da uku. Ran da Issaka ya iya sauka matakala da ƙafarsa, muka zaci Baba zai sulale da shi wani gari. Ina! Da hantsi ya zo ya kama hannuna, wai tunda na iya yaren China in raka su ofishin hukuma in yi tafinta. Issaka yana cewa, "Baba, bar ni in shiga ni ɗaya, kar su haɗa da kai." Baba ya ce, "Ɓoye mara lafiya na yi, ban yi alkawarin ɓoye gaskiya ba."

A gaban jami'i ya ce, "Faɗa masa ni na ajiye shi, kuma na san doka." Ni kuwa tausayi da kunya suka kama ni, na shiga gyara zance, na ce tsoho ne, bai san ƙa'ida ba, kwana biyu ne kacal. Baba ya daki hannuna. "Tsaya! Maganata gajera ce, taka ta yi tsawo. Me ka ƙara?" Kafin in buɗe baki ya ɗaga hannayensa biyu ya nuna goma, ya sake nuna goma, ya ƙara yatsu uku. Jami'in ya kalle ni, ya kalle shi, ya rubuta na Baba. Aka soke bizar da ya shekara da shekaru yana sabuntawa yana mita. Shi da Issaka duk aka ce su bar ƙasar.

Na raka shi filin jirgi, ina ta neman yadda zan ce masa ni na kai ƙararsa. Ashe ya sani. Ya miƙo yatsun nan nasa biyu ya ƙwanƙwasa ƙirjina, ya kara kunne, ya girgiza kai. "Yana ciki. Barci yake, amma yana ciki. Ka riƙa bugawa da ƙarfi." Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Ban taɓa kiransa a waya ba, kunya ta hana ni, yanzu kuma babu wanda zan kira.

Ɗazu a kan gadar nan ta masu tafiya a ƙasa na tsaya, mutane suna ture ni, na lanƙwasa yatsu na ƙwanƙwasa. Wallahi sai da na waiga ko wani ya gan ni. Na kuwa ji amsa.

Ranka ya daɗe Ciyaman, ka yi haƙuri, mai gida ya ce a'a. Mutumin da muka kora bai shiga ba, ba za mu shigar da shi bayan ba ya iya cewa komai ba. Katin yana nan ba hatimi. Iyalinsa kuwa wasiƙa zan rubuta musu da hannuna, in faɗa musu abin da ya yi wa Issaka da abin da ni na yi masa.

Allah ya jiƙan Baba Hashimu, ya yafe masa, ya yafe mana. Ya sha fama da takardun duniya, yanzu guda ɗaya ta rage masa. Ya Allah, ka miƙa masa ita a hannun dama.