Tiren Inna a Kan Dandamali

A gidanmu na Kpakungu akwai abubuwan da ba a taɓawa sai da izini, kuma na farkonsu shi ne tiren Inna. Tire ne na tagulla, ƙirar Bida, wanda kakarmu ta ba ta lokacin da za ta biyo Baba zuwa Minna. A kan kabad yake zama, jingine da bango, ba ya saukowa sai an yi manyan baƙi za a zuba musu goro. Tsufa ya sa ya yi duhu kamar shayin da ya kwana a kofi, sai gefen da hannu ke kamawa ne kawai ke ɗan haske. Kusa da baki yana da lotsawa guda, daidai kan babban yatsana, tun ranar da yayana ya yar da shi yana ƙarami. Na san tiren nan fiye da yadda na san fuskokin rabin 'yan ajinmu, domin ni ba mai kallon fuska ba ce. Ƙasa nake kallo, da hannuwan mutane, da kayansu.

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare lokacin. Cibiyar raya al'adu takan shirya wa 'yan makaranta wasa sau ɗaya a zango: a yi rawa, a yi kiɗa, a rufe da wasan kwaikwayo. 'Yan wasan ba su da kayan gida da yawa, saboda haka makarantar da aka gayyata ita ke aro musu abin da suke buƙata daga gidajen ɗalibai. A kai ranar Litinin, a karɓo ranar Alhamis bayan an tashi.

Malamarmu ta adabi, wadda muke kira Anti, ita ta shigo da jerin kayan. Tabarma, turmi, faifai, ƙwarya, duk aka samu masu kawowa. Da ta zo kan tiren tagulla sai aka rasa mai kawowa. Yarinyar da muke benci ɗaya, wadda ta taɓa zuwa gidanmu sau ɗaya tak, ta ɗaga hannu ta nuna ni da baki.

"Anti, su suna da shi. Ba za ta faɗa ba ne, kin san ta, kafin ta buɗe baki an tashi makaranta."

Aka yi dariya. Anti ta rubuta. Ban ce i ba, ban kuma ce a'a ba.

Inna ta daɗe tana kallona da na gaya mata. Ta tambaya su waye mutanen, na ce ban sani ba. Ta tambaya ko makaranta ba ta da tiren roba. Daga baya ta sauko da shi, ta naɗe shi a tsohon zane, ta ce da Nufanci, yaren da ba ta yi mini sai magana ta yi nauyi, cewa ni na ɗauka, ni zan dawo da shi.

Ranar Litinin mu biyar muka bi Anti da kayan. A bayan zauren akwai wani ɗan sito, mai kula da shi wani dattijo ne siriri da mabuɗi rataye a wuya. Sauran kayan ya karɓa ba tare da ya duba ba, ya jibge su a lungu. Da ya warware zanena kuwa sai ya tsaya. Ya juya tiren, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya kai kunne. Ya tambaye ni ko daga Bida aka kawo shi, ya ce irin wannan nauyin ba a yin sa yanzu. Ban ji daɗin yadda ya riƙe shi ba, da hannu biyu, kamar mai taya kaya a kasuwa. Ya manna salatif a ƙarƙashi ya rubuta ajinmu. Kafin ya ja ƙofa na hango wani tiren a saman wata kanta, mai ƙyalli, girmansu kusan ɗaya.

Kwana ukun nan ban fahimci komai a aji ba. Ina ta tunanin tiren nan na biyu. In suna da nasu, me ya sa suka nemi namu?

Ranar Alhamis aka kwashe mu a mota. Zauren ya cika da yunifom kala-kala, 'yan wata makaranta daga Tunga sun riga sun kama gaba, mu aka tura mu tsakiya. Fankoki uku ke juyawa, na huɗun yana tsaye. An yi rawar Gwari, mata da ƙwarya a kafaɗa, ƙasa na amsa dukan ƙafarsu har cikin bencinmu. Na ga turmin 'yar ajinmu, na ga faifan. Sai da wasan kwaikwayo ya yi nisa, wata mai sayar da goro ta fito tana tallarta, sannan na ga tire a kanta. Yana walƙiya a ƙarƙashin fitilu, ruwan ɗorawa, har ido ba ya iya tsayawa a kansa.

Abokiyar bencina ta zungure ni ta ce ga tirenmu can ya zama ɗan fim. Na ce ba namu ba ne. Ta ce to na wa, na kakarta?

Ban san abin da wasan ya ƙunsa ba har yau. Mutane na ta dariya, ni ina bin gefen tiren da ido ina neman lotsawa. Matar ta juya, ta sauke shi, ta ɗaga shi sama. Ta kowane gefe sumul yake. Na ce a raina sun fito da nasu, namu yana can an ɓoye, in an tashi za a miƙo mini wannan a ce in tafi.

Haka kuwa aka yi. A barandar baya dattijon ya jera kaya, kowa na ɗaukar nasa. Ya miƙo mini tiren mai ƙyalli yana murmushi. Na juya shi. Babu salatif. Na shafa gefe da yatsa, na zagaya sau biyu. Babu lotsawa. Direba yana ta danna hon, yara na gudu, ni ina tsaye da tiren a hannu. Da na tuna fuskar Inna sai na je na kama bakin gyalen Anti, abin da ban taɓa yi ba.

"Anti, wannan ba namu ba ne. Namu baƙi ne."

Sai da ta sunkuyo na maimaita sannan ta ji. Ta ja hannuna muka koma. Dattijon ya saurara, ya yi dariya har yana tari, sannan ya buɗe mana hannuwansa. Duk sun yi baƙi, har ƙarƙashin farce. Ya ce duk ƙarfen da zai hau dandamali sai ya goge shi da lemun tsami da toka, in ba haka ba 'yan baya ba za su ga komai ba, sai su zaci murfin tukunya ne. Ya ce yini guda ya yi a kan namu, wurin gogewar ne salatif ya fita.

Na ce, ina kallon takalmansa, namu yana da lotsawa.

"Ai na gani, 'yata. Na sa gudumar katako na daidaita muku. Ki gaya wa mamanki kyauta na yi."

Anti ta gode masa, ta ce in gode. Na gode. Amma ƙofar siton tana buɗe kaɗan, na leƙa saman kantar, ban ga tiren na biyu ba. Ban tambaya ba. A mota na rungume tiren cikin zane, yana ƙarnin lemun tsami, ina jin kamar na ɗauko kayan wani.

Inna tana tankaɗe a tsakar gida na shigo. Ta warware zanen, hasken ya bugi fuskarta, ta ɗago ta dube ni. Na faɗa mata komai a tsaye, har tiren na biyu. Ba ta katse ni ba. Ta karkaɗe hannu, ta ɗora tiren a kan simintin baranda, ta danna gefe guda da yatsa. Ya ɗaga ya koma, ƙwal. Ta sake dannawa, ya sake. Ban taɓa sanin gindinsa ba ya zama daidai ba, domin ban taɓa ganinsa a ƙasa babu goro a kai ba. Sannan ta karkata shi wajen rana ta nuna mini wasu ƙananan tabo a inda lotsawar take, sawun guduma.

"Shi ne," ta ce. Ta shafa wurin. "Wa ya ce su gyara?"

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta mai da shi kan kabad, amma ta juya fuskarsa ga bango, kuma ya fi wata biyu a haka. Da baƙi suka zo daga Bida, a farantin tangaran ta zuba musu goro. Bayan haka ko cokali ba ta ƙara ba da aro ga makaranta ba, ni ma da aka zo da jerin kaya a zango na gaba, na iya buɗe baki na ce ba mu da shi.

Sau uku aka sake kai mu cibiyar kafin in gama makarantar. Na yarda da Inna, tirenmu ne ya dawo. Duk da haka, duk lokacin da aka ja labule, kan 'yan wasan nake fara dubawa da hannuwansu, ko zan ga wancan na biyun. Ban sake ganinsa ba.