Kaset ɗin Kawu Isa a gonar Magama

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Isa, mai gyaran talabijin a bakin iyakar Jibiya. Allah ya jiƙan shi. Na so in rubuta abin daɗi a kanshi, amma tun makon jiya raina a ɓace yake.

Kawu wan mahaifiyata ne. Hulɗa da mutanen Maraɗi ta sa ya ji Faransanci, kuma akwai wata tashar Faransanci da yake kamawa mai nuna shirye-shiryen al'adun mutanen Meziko da Peru da Kolombiya, da 'yan'uwansu mazauna Amurka waɗanda duk shekara sai sun yi bikin tuna asalinsu. Ba ya bari ya wuce. Sai ya naɗe a kaset ɗin bidiyo, ya ɗora muryarshi a kai yana fassarawa da Hausa, ya rubuta suna da ajami a jiki.

Direbobin da ke jiran a buɗe masu hanya sukan cika shagon fal. Ni kuwa in na kawo mashi abinci ba na komawa gida. Rannan aka nuno wata tsohuwa a durƙushe tana niƙa masara a kan dutse, Kawu ya tsayar da hoton.

"Bilki, duba da kyau. Wannan ba kakarki Inna ta Bugaje ba ce?"

Shago ya kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce su sun ɗauki kakarsu sun nuna ma duniya, mu tamu kunyar dutsenta muke ji.

Daga nan abin ya shiga raina. Ba wanda ya koya mani, a waya na riƙa tsintar yarensu na Sifaniyanci kalma-kalma, har yau ina iya bin shiri rabi da rabi. Bana kuma na samu wani a Katsina da ke juye tsohon kaset zuwa waya. Murna kamar in tashi sama. Na ce muryar Kawu za ta dawo, duk Jibiya sai ta ji.

Kaset ɗin suna hannun Yaya Lawal, babban ɗanshi. Ranar sadakar uku, a gaban Inna, ya dafa kwalin ya ce amana ce, ko ƙura ba za ta taɓa su ba. Duk sanda na tambaya sai ya ce, "Suna nan, ki kwantar da hankalinki."

Makon jiya na je gidanshi aka ce yana gona a Magama, na bi shi. Tun daga nesa na hango gonar tana ƙyalli. Gero ya yi ido, an kafa sanduna, an ja baƙin zare daga wannan zuwa wancan, iska na kaɗa shi yana kuka don korar tsuntsaye. A gindin wata sanda na tsinci fasasshen ƙoƙon kaset da rubutun Kawu a jiki. Ashe zaren kaset ɗin ne.

Na ce, "Yaya, duka?"

"Ke, jan-baki zai cinye mani gero ina kallo? Wa ke da bidiyon kunna su yanzu?"

"Da ka gaya mani."

"Da kin hana."

Wato ya sani. Damina uku yana yi, damina uku yana ce mani suna nan. Ba geron na ƙi ba, ni ma na ci tuwonshi. Kallon idona da yake yi ne ya fi ci mani rai.

Ina ta tunanin me Kawu zai ce. Yau kowa a bakin iyaka da waya a hannu, shirin Meziko kake so ko na Peru, ga shi nan. Hotunan ba su ɓace ba. Muryar da ke cewa "duba da kyau" ce babu inda zan samo ta. Watakila ya yi dariya ya ce ko ba komai ya tsare ma jikokinshi hatsi. Ni dai ban kai nan ba tukuna.

Jiya na tafi Bugaje. Inna ta tsufa ƙwarai, amma dutsen na nan a bayan ɗaki. Na wanke shi, na saita waya, na ce ta nuna mani yadda ake yi.

Ta ce, "Wa zai kalli tsohuwa tana niƙa?"

Na ce mata Kawu ya riga ya kalla.