Sanda biyu a bakin titin Madadi

Wata bakwai ban ce muku uffan a nan ba. Na dawo, amma da fushi na dawo.

Ga wanda bai sani ba, ni ɗan kamasho ne a tashar Gwarzo. Na shekara goma sha biyu ina loda mota: huɗu a baya, biyu a gaba.

Wani ƙurji ne ya fito min a yatsan ƙafa, na ɗauka takalmi ne. Sai da ya fara wari sannan matata Hadiza ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Aka gwada jini, aka ce ciwon suga ne. A Kano aka yanke min yatsu biyu.

Likita ya ce, "Malam Sabo, wankin ciwo sau biyu a sati. In ka yi wasa, daga gwiwa za mu cire."

Wallahi na tsorata.

Daga ƙauyenmu Madadi nake dogara sanda biyu in fito titi. Mota za ta rage gudu, direba na ganin sanda sai ya taka wuta. Wanda ya tsaya kuwa, sai dai in biya kujerar gaba duka, don ƙafar ba ta son matsi. Wani direban da na daɗe ina cika wa mota ya ce min, "Haba Sabo, kai ma fa ka san aikin."

Na san aikin, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Sau nawa na ce wa mai keken guragu "ba wuri" alhali akwai, don kawai naɗe kekensa zai ɓata min lokaci?

Sau uku na rasa wanki, bakin ciwon ya fara baƙi. Hadiza ta ce, "Ba za a yanke ka saboda kujera ba." Ta sayar da akuyarta muka riƙa biyan gaban.

Alhamdu lillahi, ƙafa ta tsira. Hadiza, ma'aikatan jinya, da ku masu addu'a, Allah ya saka da alheri.

Mai suga, duba ƙafarka kullum, kada ka raina ƙurji. Direba, in ka ga sanda ka tsaya.

Na koma tasha. Jiya wani babbanmu ya ce kujerar gaba da nake ajiye wa masu sanda tana jawo mana asara. Na cire takalmi na nuna masa ƙafar.