Albasar Ƙasan Buhu

Ni mai sayar da albasa ne a Illela, kuma na daɗe da wata dabara da nake kira gwaninta: manya masu kyau a bakin buhu, waɗanda suka fara laushi a ƙasa. Allah ya yafe mini.

Ɗana na uku tun yana ƙarami ba kamar 'yan uwansa yake ba. Ba ya kallon idon mutum. In an gaishe shi sai ya yi tsaye kamar an tambaye shi hanyar Agadas. Ƙarar babur kuwa, a garin da babura suka fi awaki yawa, takan sa ya toshe kunnuwa ya tsuguna. Ya kai shekara goma sha biyar bai taɓa fita bakin titi shi kaɗai ba. Uwarsa kullum tambayarta ɗaya: in mun mutu, wa zai riƙe shi? Ni kuwa, sarkin hikima, na ce kasuwa ce maganinsa.

Ran kasuwa na zaunar da shi a rumfa. Wani baƙo daga Ƙonni ya zo, ina ta rantsuwa cewa buhun nan ko ɗaya ba ta lalace ba. Sai yaron ya ce, yana kallon ƙasa, "Baba, ta ƙasa ruɓaɓɓiya ta. Kai kas sa ta da sahe."

Baƙon ya yi dariya ya wuce. Ni kuma na mari yaron a gaban mutane. Wannan marin har yau ina jin sa a tafina.

Daga nan na gane aljani ne, don wane mai hankali zai faɗi gaskiya a kasuwa? Na kai shi ƙauye wajen mai magani, aka turnuƙe shi da hayaki yana kuka. Muka dawo, aljanin bai fita ba. Yaron ya ci gaba da faɗin gaskiya. Ni da nake cusa ruɓaɓɓiyar albasa a buhu, ba wanda ya ce a yi mini hayaki.

Uwarsa ce ta nace sai mun je asibiti a Sakkwato. Likitar ta daɗe tana lura da shi, sannan ta ce ba aljani ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba, haka halittarsa take. Koya masa ake yi, abu ɗaya bayan ɗaya, hanya ɗaya, lokaci ɗaya. Ta juyo gare ni ta ce, "Alhaji, mi shika so?"

 Na san albasar kowane fadama daga ganin ɓawonta, ban san abin da ɗana yake so ba. Uwarsa ce ta ce yana son ware abubuwa, in ta ba shi tsintar wake ko tsakuwa ɗaya ba ya bari.

Akwai wani dattijo a unguwarmu mai loda albasa zuwa kudu, wanda nake yi wa dariya don yana zazzage kowane buhu ya ware kafin ya ɗinke. Rumbunsa yana lungu, nesa da titi. Na haɗiye girman kai na je na roƙe shi ya ɗauki yaron aiki.

"Wanda yat tona maka asiri?" in ji shi. "Kawo min shi. Irin shi nika biɗa."

Wata guda muna bin lungu ɗaya, kullum bayan karin kumallo. Ranar da zai tafi shi kaɗai na yi masa alkawari ba zan bi shi ba. Na bi shi mana, ina laɓewa bayan katanga da furfurata. Babur ya taho, yaron ya toshe kunnuwa, ya jira ya wuce, ya tsallaka. Da ya kai ƙofar rumbun ya tsaya, ko waiwayowa bai yi ba.

"Baba, ka ce ba ka biyo ni."

Dattijon ya yi dariya har ya yi tari. Na koma gida na gaya wa uwarsa ya isa lafiya, ta juya baya tana share ido.

Har yau gaisuwarsa guntuwa ce, kuma uwarsa ba ta daina tambayarta ba, sai dai ta rage. Shi yake zuwa, shi yake dawowa. Ni ma na daina dabarata, buhunana wajensu nake kaiwa. In ya zo kan nawa, sai ya zazzage shi har ƙasa, ya duba ɗaya bayan ɗaya. Bai yarda da ni ba tukuna, kuma ban ga laifinsa ba.