Hasumiyar Iskar Kakata

Shekarun baya, lokacin ina karatu a kwalejin horon malamai a Kano, damina ta ci bangon gabas na ɗakin kakata. Tsohon soro ne na ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, tun ginin kakana. Allah ya kiyaye, tana gidan suna a maƙwabta ya zube. Mahaifina, wanda yake sarin wake a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Dawanau, ya ce ba zai sake saka mahaifiyarsa a cikin ƙasa ba alhali tana da ranta. Bayan girbi ya gina mata sabon ɗaki na bulo da siminti, aka rufa kwano mai sheƙi wanda ake hangowa tun daga hanyar Minjibir. Mutane suka yi ta zuwa suna sa masa albarka.

Da sanyi komai lafiya lau. Bazara na shigowa labari ya canza. Hantsi na ɗagawa kwanon zai fara ƙas-ƙas, kafin azahar man kaɗanyar da take ajiyewa a gwangwani ya zama ruwa. Ƙauyenmu ba wutar lantarki balle a yi zancen fanka. Mahaifina ya sa an ɗaura tabarmi a ƙarƙashin kwanon, abin bai rage komai ba.

Da na zo hutu, a gindin darbejiyar tsakar gida na same ta, tana fifita da maficin kaba.

"Mijin banza, sai yanzu ka ga damar zuwa?" in ji ta. "An jefa matarka a tanderu ana gasa ta kamar gurasa, kai kana can kana shafa takarda."

Na yi dariya na gaishe ta. Amma da na leƙa ɗakin, sai na ga ta ƙulle kayanta a wani tsohon zaninta na saƙi, ta ajiye a bakin ƙofa. Ashe ta aika wa goggona da ke aure a Rimin Gado, wadda har yanzu soron ƙasa gare su, cewa a turo mota ƙarshen wata a ɗauke ta. Mahaifina kuwa ya daina cin abincin kirki. Wanda ya san ƙauye ya san abin da za a ce idan uwa ta bar gidan ɗanta ta koma gidan suruki, kuma wai ɗakin da ya gina mata ne ya kore ta.

Ni kuwa mutum ne mai kunya tun ina yaro. A aji, ko na san amsa, sai in rubuta ta in tura wa na kusa da ni ya faɗa. Abin da ya fi ɗebe mini kewa shi ne kallon gine-ginen duniya masu ban mamaki. Duk wanda na gani a ɗakin karatun makaranta sai na ɗauki hotonsa a waya, in karanta yadda aka yi shi da dalilin da ya sa. Ban taɓa nuna wa kowa ba sai kakata, don ita kaɗai ce ba na jin nauyi.

Wata rana da rana tsaka muna zaune a gindin bishiyar, na riƙa nuna mata. Na nuna mata wani dogon bene da aka murɗa kamar igiyar rijiya, ta ce maginin ya sha wani abu kafin ya fara. Na nuna mata wani ofis da aka gina da siffar kwando har da mariƙinsa, ta tambaya ko tumatir suke ajiyewa a ciki. Benayen laka na Yaman masu hawa kan hawa sun burge ta, amma ta ce gwiwarta ba za ta kai ta ko hawa na biyu ba. Gidajen da ake haƙawa cikin rami a Tunusiya kuwa, ta kawar da kai ta ce ita ba ta shirya ba tukuna.

Sai muka zo kan wani tsohon gari na ƙasar Iran, gidajen ƙasa, kowanne da wata doguwar hasumiya mai tsagaggen baki a kansa.

"Su kuma waɗannan kowane gida da masallacinsa?"

"Ba masallaci ba ne, Inna. Iska suke kamawa da shi. Ta shiga ta sama, ta gangaro cikin ɗaki, ta kori zafin ta ƙofa."

"Iska? Da tarko?" Ta mayar mini da wayar. "To in kai namiji ne kamo min."

Ita wasa take yi. Ni kuma maganar ta zauna mini. Na sake karanta duk abin da na tara a kan hasumiyoyin nan, na zana, na goge, na sake zanawa. Sai da na yi kwanaki ina juya maganar kafin na iya tarar mahaifina a zaure bayan magariba. Kaina a ƙasa na yi masa bayani.

Ya kalle ni ya ce, "Kai da ko akurkin kaji ba ka taɓa ginawa ba?" Can kuma ya ce, "Je ka ga magini. In dai Inna za ta zauna, ko rijiya ka ce a haƙa a sama, a haƙa."

Abu na farko shi ne in san ta inda iska take zuwa a saman gidanmu. Na ɗaura ƙyalle a kan doguwar gora, na jingina tsani da bangon ɗakin. A nan na ci karo da abin da babu shi a littafi. Gidajenmu a manne suke, katanga ɗaya ce ta raba mu da gidan Malam, maƙwabcinmu, mai iyali da yawa. A wajenmu namiji ba ya hawa rufi ko bishiya sai ya ɗaga murya ya ce za a hau sama, don matan maƙwabta su kintsa ko su shige ɗaki. Na tsaya a gindin tsani na buɗe baki, abin da ya fito ko kazar da ke kiwo kusa da ƙafata bai razana ba. Na sake gwadawa, haka.

Kakata tana kallona daga inuwa. Sai ta gyara zama ta kwaɗa: "Matan gidan Malam, ku shige ɗaki, mijina zai hau sama! Kada wadda ta kalle min shi!"

Dariya ta ɓarke a bayan katanga. Na hau ina jin kamar in nutse.

Ƙyallen ya nuna mini abin da nake nema. A bazara iskar da ake samu daga kudu maso yamma take zuwa, kuma ta fi ƙarfi bayan la'asar. Wato daidai ta saman gidan Malam. A lokacin ban ga wata matsala a cikin wannan ba.

Maginin unguwarmu, abokin mahaifina ne tun suna yara, ya juya zanena sama da ƙasa yana murmushi. "Na gina rumbu, na gina soro, na gina masallaci," in ji shi, "amma ban taɓa gina wa iska ɗaki ba. Mu je, a kaina za a fara." Muka shirya za a ɗora ta da tubalin ƙasa daga ƙasa, a jikin bangon ɗakin ta waje, ta wuce kwano da tsayin mutum, ta juya wa gabas baya saboda ruwan damina. A ƙasa kuma a huda bango a yi mata baki a cikin ɗaki.

Aiki ya tafi daidai har ranar da hasumiyar ta wuce rufi, bakinta ya bayyana. Da yamma sai ga sallamar Malam a zaure. Daga bayan ƙofa nake jin su da mahaifina.

"Alhaji, shekara nawa muna tare ko kaza ba ta taɓa haɗa mu ba. Yau kuma sai in ɗaga kai in ga bene da taga a kan tsakar gidana?"

"Malam, ba bene ba ne. Yaron nan ne ya ce iska..."

"Iska ba ta buƙatar taga, Alhaji. Ido ne yake buƙatar taga. Sannan yau da safe iyalina ba su ji sanarwar kowa ba, sai hular magini suka gani a sama."

Wannan gaskiya ne. Kakata ta tafi gaisuwar rasuwa da sassafe, ni kuma na yi sanarwar da irin muryata.

Mahaifina ya ba shi haƙuri, ya ce a dakatar da aiki. Kafin gari ya waye zance ya zaga: ɗan boko ya gina wajen leƙen matan mutane. Ni da ko 'yan ajinmu mata ban san kamannin fuskarsu sosai ba. Kakata ta dawo ta ji, ta ƙara ɗaure bakin ƙunshinta. Wata kuwa ya kusa ƙarewa.

Washegari bayan sallar asuba na bi Malam har ƙofar gidansa. Na durƙusa na ce, don Allah ya zo ya gani da idonsa. Ya biyo ni. Kakata kamar uwa take a wajensa, don haka har cikin ɗakin na kai shi. Na nuna masa ramin da aka huda a ƙasan bango, na ce ya sa kansa ya duba. Ya cire hula, ya durƙusa, ya cusa kai.

"Me ka gani, Malam?" in ji kakata.

Muryarsa ta fito daga cikin ramin kamar daga randa. "Sama kawai nake gani, Inna." Ya zaro kai, da ƙasa a gemunsa. "Ai ko ɗan akuya ba zai bi ta nan ba."

"To ni ce zan bi in leƙa matanka? Ni da na yi musu wankan jego?"

Malam ya yi dariya har da tari. Ya ce a ci gaba, amma da sharaɗi biyu. A gitta itace a bakin na sama, don bakin mutane ya mutu. Sannan sanarwar hawa ni zan riƙa yi da kaina, da muryar da za a ji har madafin gidansa, ba Inna ba.

Sharaɗin farko magini ya gama da shi kafin hantsi. Na biyun ne ya kusa kashe ni. Na tsaya a gindin tsani, na rufe ido, na tuna ƙunshin nan na bakin ƙofa, na zage na ce, "Za a hau sama!" Muryar ta karye a tsakiya kamar ta zakaran da yake koyon cara. Sai wata ta amsa daga bayan katanga: "Mun ji, angon Inna, a hau lafiya!" Yaran unguwa sun daɗe suna kwaikwayona.

An gama hasumiya, aka yaɓe ta, aka sa wayar sauro a bakin ƙasa. Sai iska ta ɗauke ɗif. Ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Haka muka zauna har ranar da motar Rimin Gado ta iso da azahar. Direban ya ci abinci, ya ce zai jira a yi la'asar rana ta yi sanyi. Kakata ta sa mayafinta ta zauna a bakin gado kusa da ƙunshinta. Mahaifina yana ta shiga da fita ba tare da abin yi ba.

Bayan mun dawo daga masallaci na ɗauko kaskon turarenta, na ajiye a gaban ramin, don in ga ko da ɗan motsi. Hayaƙin ya miƙe sambal zuwa kwano. Muka zuba masa ido mu uku. Ina shirin ɗauke kaskon sai na ga hayaƙin ya ɗan karkata. Ya miƙe, ya sake karkata, sannan ya kwanta gaba ɗaya ya nufi ƙofa. Gefen mayafin kakata ya fara kaɗawa.

Ta sauko daga gado ta matsa kusa da ramin, ta miƙa ƙafafunta. Na ce mata can ƙasar Iran a kan ruwa suke bi da iskar don ta ƙara sanyi, na ruga na jiƙo buhun algarara na rataya. Ta toshe hanci.

"Cire min wannan, warin maganin waken babanka yake."

Ta jawo ƙunshin, ta kwance ƙullin da haƙori, ta zazzage kayan a kan gado. Ta miƙo mini zanin saƙin. "Tsoma wannan a randa ka rataya."

Mahaifina ya fita da sauri. Ina jin sa a waje yana cewa direba a gaida mutanen gida, yana sa a ɗora masa wake a bayan mota.

Ba zan ce ɗakin ya koma kamar tsohon soronta ba. Ranar da babu iska, babu abin da hasumiya za ta kamo, sai ta koma gindin darbejiya. Daga baya mun shimfiɗa karan dawa a kan kwanon, kuma har yau ban san wanne ya fi aiki a cikinsu ba. Amma ba ta sake ƙulle kaya ba. Da la'asar matan gidan Malam a ɗakinta suke tsintar wake.

Har yanzu ina kallon hotunan gine-ginen nan, sai dai na daina yi musu kallon abin mamaki kawai. In na ga gida a cikin rami ko bene a murɗe, sai in ce ko wane zafi ne ya dami mutanen wurin, ko wace tsohuwa ce ta ce za ta tafi. Tamu hasumiyar ma baƙi kan tsaya a hanya su ɗauki hotonta, wani har ya taɓa tambayar ƙarfe nawa ake kiran salla.

Duk shekara kafin damina nakan zo in sake yaɓe ta. Bana da na tsaya a gindin tsani na yi sanarwa, sai da tattabarun da ke kan kwano suka tashi. Kakata ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Kai, rage murya, mijina. Za ka korar min iska."