Bencin Baya

Shekarar da soja suka karɓi mulki gero bai yi ba. Babana ya tafi Kano cin rani, ni da Inna muka baro Dawce zuwa gidan kawuna a Matamaye. Nan aka sa ni lakwal, wato makarantar boko.

Malamin ajinmu, da muke ce wa mushe, wani dogo daga Damagaram, bai tambaye ni ko baƙi ɗaya ba. Ya dubi fason ƙafata ya ce, "'Yar gudun yunwa ce? Bencin baya." Can yake tara 'ya'yan ƙauye, yana kiranmu jakuna. 'Ya'yan ma'aikata da na 'yan kasuwa suna gaba. In mun ɗaga hannu sai idonsa ya tsallake mu.

Kusa da ni akwai wata 'yar Dungu da ta fi kowa lissafi. Kafin mushe ya gama rubutu a allo ta raɗa mini amsa. Amma kullum jaka, kullum jaka, har ta daina ɗaga hannu. Wata rana ta ce mini, "Wataƙila gaskiyarsa ce." Bayan hutun salla ba ta dawo ba.

Abin ya ƙona mini rai. Da safe na wuce kai tsaye na zauna bencin gaba.

"Wa ya ba ki wurin nan?" in ji mushe.

Na ce, "Ba kowa. Ni ba jaka ba ce."

Ya zane mini tafin hannu da bulala, ya kora ni baya. Washegari na koma gaba, ya sake.

A gida Kawu ya ce, "Zamanin soja ne, ba a ja da ma'aikacin gwamnati."

Inna tana gasa mini hannu da ruwan ɗumi, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Yaya, soja ne suka ce ta zauna baya?"

Da mushe ya gaji da duka sai ya koma jefa mini tambaya kullum don ya kunyata ni. Na kasa amsa wasu, aka yi mini dariya. Amma tunda ana tambayata, dole na yi karatu, har dariyar ta ƙare.

Ranar da na ci sartifika, jarrabawar gama firamare, ya tare ni bakin aji yana murmushi, wai shi ya gyara ni.

Na ce, "A'a, Mushe." Na wuce gida.